Ranar da Kyaftin Semiu Ya Rataye Jirgi a Ɗakina

Na ga saƙonninku, kuma duk na karanta. Wadda ta rubuto tana cewa, "Simbi, ki ji tsoron Allah, wace mace ce za ta kori matuƙin jirgi saboda kwamfuta?" na gode ƙwarai, Allah ya ba ki naki matuƙin. Amma ki gyara zama ki ji abin da ya faru ranar Lahadi kafin ki sake yanke min hukunci.

Waɗanda yau ne shigowarku, sunana Simbiyat, shekarata ashirin da takwas, gyaran kwamfuta nake yi a wani shago a Ikeja. Gidanmu yana Mafoluku, bayan katangar filin jirgi, inda duk jirgin da zai wuce sai ya girgiza wa Maami, mahaifiyata, kwanukanta. Ni kaɗai ta haifa, don haka duk burin da ya kamata a raba wa 'ya'ya shida a kaina ya sauka.

A ɗakina akwai abin da ya hana gidanmu zaman lafiya. Allon kwamfuta uku ne a jere, duk matattu na saye su na tashe su da hannuna. A ƙarƙashinsu akwai katako mai maɓallai da 'yan fitilu, ga sitiyarin jirgi, ga sandar ba da wuta a dama. Kujerar kuwa ta tsohuwar motar Baami ce, mahaifina. Shekara ashirin da biyu Baami ya yi yana tuƙa motar da ke kai fasinja gindin jirgi, amma ko sau ɗaya bai taɓa hawa ba. Shi ya yanka min katakon nan, shi ya huda ramukan maɓallan. Allah ya yi masa rasuwa kafin in kawo allo na uku.

Abin da na fi so a duniya shi ne sauka a makance. Sai in cika sararin da hazo har ba a ganin komai sai fari. Daga titin sauka akwai siginar rediyo guda biyu, ɗaya tana riƙe ka a tsakiyar titi, ɗaya tana sauko da kai a hankali. In ka saita lambobin daidai, ka kama su duka biyun, ka kunna na'urorin tuƙi guda biyu, sai ka janye hannunka. Jirgin da kansa zai sauko har taya ta taɓa ƙasa. Ba ka ga komai ba, amma ka iso. Duk ranar da na yi haka sai in ji kamar Baami yana tsaye a bayana yana cewa, "Yauwa, 'yata."

Sai ga Kyaftin Semiu.

Mahaifiyarsa, Alhaja Sidikat, asalatu ɗaya, wato taron addu'ar mata, suke zuwa da Maami duk Lahadi, can aka ƙulla abin. Ba zan yi muku ƙarya ba, mutumin ya haɗu. Dogo ne, wankan tarwaɗa, kullum cikin farar riga mai guga da baƙin tabarau, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Amma ranar da ya fara zuwa gidanmu ya hango ɗakina ta ƙofa, na ga fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Jirgina ne."

Ya yi wata 'yar dariya. "Abin wasan yara. Ni a rayuwata ban taɓa sa hannu a irin wannan ba. Mai na gaske me zai yi da na katako?"

Ku riƙe wannan maganar da kyau, za mu dawo kanta.

Ranar Alhamis na dawo daga shago na tarar da Maami ta baje leshi kala uku a kan kafet, tana zaɓen wanda za a yi anko ranar gabatar da dangi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Simbiyat."

In Maami ta kira cikakken sunana, to ba alheri. Na durƙusa na gaishe ta.

"Na yi magana da mai motar kwashe kaya. Litinin zai zo."

"Kayan wa, Maami?"

"Kayan wa kuwa? Wancan tarkacen. Kyaftin ya gaya wa uwarsa ba zai kawo dangi gidan da amarya take zaune gaban talabijin uku tana ƙugi kamar injin niƙa ba."

"Maami, Baami ne fa ya..."

"Kar ki kawo min Baami! Baaminki da yana nan da shi zai fara ɗaukar guduma. Shekara ashirin da takwas, Simbi! 'Yar Iya Basira da kika girme ta da shekara biyar tana goye da na biyu. Ni kuma in an tambaye ni a asalatu ina jika, in ce yana sama bai sauko ba tukuna?"

Na so in yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Nan ne Maami take cin galaba a kaina kullum. Na san tsoro take ji kar ta bar ni ni kaɗai a duniya, kuma tausayinta yana kama ni. Amma tausayi daban, kujerar Baami daban.

Ina shiga ɗaki waya ta yi ƙara.

*Gimbiyata, kin dawo lafiya? Yanzu muka sauka daga Abijan, na gaji liƙis.*

Na rubuta: *Sannu da hanya, Kyaftin. Kai ka ce a kwashe min ɗaki?*

*Don mutuncinki ne. Matar matuƙi ba ta wasa da aikin mijinta.*

*Wane irin jirgi ka tuƙo yau?*

*Babba.*

*Babba wane iri?*

*Haba Simbi, ki bar zancen aiki. Me kika ci?*

Kun ji fa. Babba. Ni da nake gane jirgi daga ƙugin injinsa ina cikin wanka, ni za a ce wa babba? Ga shi kuma tun ƙarfe goma na safe nake ganinsa a kan waya yana ta sauya hotuna, a daidai lokacin da ya kamata a ce yana saman teku. A nan na yanke a raina cewa mutumin nan bai san hancin jirgi daga wutsiyarsa ba, farar riga kawai ya saya. Na ce to, zan kama shi a gaban kowa.

Lahadi bayan azahar Semiu da mahaifiyarsa suka iso. Maami ta sa ni na ɗaura shuɗin adire, rinin Yarabawa, zani da buba, ta naɗa min goggoro ta matse har ina jin bugun zuciyata a kunne. Gidan ya cika da ƙamshin miyar wake da ewedu, wato lalo, ga naman akuya da ganda, amala tana jira a kula. Alhaja Sidikat ta shigo cikin farin leshi mai duwatsu, zobe a yatsu huɗu, haƙorin Makka yana walƙiya. Na zube gwiwa biyu na gaishe ta. Semiu kuma ya kwanta rub da ciki gaban Maami, ita kuwa sai washe baki take tana, "Tashi, ɗana, tashi, kar rigar ta yi datti."

Ba a jima da zama ba Alhaja ta fara.

"Iya Simbi, kin san yaron nan a cikin hazo yake sauke jirgi a ƙasar Turawa? Hazon da ko tafin hannunki ba za ki gani ba! Turawan da kansu suke tafa masa."

Semiu ya ce, "Mama, ya isa mana."

"Bai isa ba! Ni na haife ka, ni zan faɗa."

Na ajiye tiren lemo a hankali, na sake durƙusawa, na sa muryar nan tawa ta yarinyar kirki.

"Alhaja, ina da roƙo. Tunda gobe za a kwashe abin wasana, ina so Kyaftin ya zauna sau ɗaya ya nuna min yadda ake yi da gaske. Zan sa masa hazo. In ya sauke jirgin lafiya, ba sai mai mota ya wahala ba, ni da hannuna zan kwance komai yau ɗin nan."

Maami ta watso min harara. Semiu ya gyara tabarau.

"Simbi, ba girmana ba ne..."

Alhaja ta tafa hannu. "Tashi ka nuna mata! Iya Simbi, kin dai ji alkawarin da ta yi da bakinta ko?"

Maami ta ce, "Na ji, kuma Allah ma ya ji."

Haka muka ɗunguma ɗakina, iyayen biyu suka tsaya a bakin ƙofa. Tun safe na shirya komai. Jirgin yana sama, mil ashirin daga fili, allunan uku fari fat, ban saita ko lamba ɗaya ba. Takardar lambobin filin tana manne a bango, in ya san amfaninta.

Ya zauna a kujerar Baami yana yatsina. "To, ina ake taɓawa a nan?"

Na ce, "Kai ne Kyaftin."

Na saki jirgin, na koma gefe na harɗe hannu ina jiran a sha kunya.

Jama'a, ni na fara shan ta.

Ya ɗan kalli takardar bango sau ɗaya, sai hannunsa ya tafi kai tsaye kan maɓallin rediyo ya murɗa lambar filin. Ya saita fuskar titi. Ya rage gudu. Sannan ya sauko da jirgin ƙasa kaɗan don ya kama siginar saukowa daga ƙarƙashinta, abin da ni sai da na yi wata biyu ina faɗuwa a gonakin mutane kafin in gane shi. Ya cire tabarau ya ajiye a cinya. Wannan yatsinar duk ta ɓace, fuskarsa ta koma ta wani mutum daban, mai natsuwa, wanda ban taɓa gani ba.

Allurar farko ta zo tsakiya. Ta biyu ta fara saukowa. Ya buɗe fukafukan rage gudu, ya saki tayoyi, ya kunna na'urar tuƙi ta biyu ba tare da na ce masa uffan ba. Sai ya janye hannuwansa ya ɗora a gwiwa.

Muryar jirgin ta ce saura ƙafa dubu.

Na shiga uku, ashe da gaske matuƙi ne! Ni da bakina na miƙa wuya. Idona ya sauka a kan kafaɗar kujerar, inda Baami ya ɗinke yagewar da baƙin zare, ɗinkin maza, karkatacce. Na fara tunanin da wace sukundireba zan fara, kuma wallahi ƙwalla ta cika min ido.

Ƙafa ɗari biyar. Alhaja tana ta "Allahu akbar, kun gani ko?"

Ƙafa ɗari uku. Fitilun titi suka fara leƙowa ta cikin farin, ɗaya bayan ɗaya.

Ƙafa ɗari biyu. Sai Alhaja ta ɗaga wayarta.

"Semiu! Juyo in ɗauke ka hoto, 'yan asalatu su gani!"

Kibod ɗina yana kan wata 'yar kujera a hagu, rabinsa a ƙarƙashin tebur. Semiu bai kalle shi ba. Hannunsa na hagu ne kawai ya sauka, ɗan yatsa ya faɗa daidai kan maɓallin tsayarwa, tak! Ƙugin injin ya ɗauke. Jirgin ya daskare a sama. Shi kuma ya juya ya yi wa uwarsa murmushi.

Bari in gaya muku abin da na gani, don iyayen ba su ga komai ba. A jirgin gaske babu maɓallin da ke tsayar da duniya, don haka hannun matuƙi bai san da shi ba. Kuma ma jirgin nan da kansa yake sauka, ko Semiu ya juya ko bai juya ba zai taɓa ƙasa lafiya. Mu ne kawai, 'yan tuƙin cikin ɗaki, muke da wannan ciwon. In an ƙwanƙwasa ƙofa, in shinkafa ta kama, in uwa ta ƙwala kira, yatsa ya riga tunani zuwa wurin, saboda ba ma yarda a ce taya ta taɓa ƙasa ba mu gani ba. Duk wahalar don wannan daƙiƙar ake yin ta. Ni sai da na shekara kafin yatsana ya iya samun maɓallin nan ba tare da na duba ba.

Mutumin da bai taɓa sa hannu a abin wasan yara ba ke nan.

Alhaja ta rangaɗa guɗa. "Kun gani? Ya tsayar da shi cak! Ko girgiza babu!"

Maami ta ce, "Ma sha Allah! To Simbi, magana ta ƙare. Ku zo a ci abinci kafin amala ta huce."

Suka juya falo suna ta yaba hoton. Semiu ya dawo da kallonsa kan allo, sannan kan yatsansa da har yanzu yake kan kibod, sannan kaina. Na ga lokacin da ya gane na gane.

Na ce a hankali, "Allo nawa ne naka?"

"Simbi..."

"Nawa ne?"

Ya ce, "Huɗu."

Huɗu! Ya ma fi ni.

A falo na zuba wa kowa, na kawo ruwan wanke hannu, na zauna a ƙasa kusa da ƙafar Maami, wayata a kan cinya ƙarƙashin gefen zani. Ban kai loma ta biyu ba ta fara rawa.

*Don girman Allah kar ki faɗa a gaban Mama.*

Na rubuta da hagu: *Kai wane ne?*

*Na yi shekara ɗaya a makarantar tuƙi. Likita ya gano idona ba ya raba ja da kore sosai. Suka sallame ni.*

*Sai ka zama Kyaftin?*

*Kafin in dawo Mama ta riga ta kafa rumfa, ta yanka sa, ta buga hotona a jikin bokitai ta raba wa unguwa. Na kasa buɗe baki. A ofis nake, ni nake tsara wa matuƙa ranakun aiki. Shekara shida ke nan.*

Alhaja ta ce, "Semiu, ci mana, ka bar wayar nan. Ko kamfani ne?"

"Kamfani ne, Mama."

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye muku ba. Na san mene ne mutum ya so sama a hana shi, a gidan na tashi. Da ranar farko ya zauna ya gaya min haka, wallahi da ya fi kyaftin goma daraja a idona. Da yanzu muna musu a kan wa ya fi iya sauka. Amma akwai tambaya ɗaya da ta tsaya min a wuya.

*To ni me na yi maka da za ka sa a kwashe min ɗaki?*

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa.

*Mace mai irin ɗakinki sati ɗaya za ta gano ni.*

Nan tausayin ya ƙone ƙurmus. Wato shi ya kulle nasa allo huɗu a gidansa yana shawagi son ransa, ni kuma in ɗauki guduma in farfasa katakon da ubana ya yanka, don ƙaryarsa ta samu wurin kwana. Ya tsaya a gaban uwata ya kira ni mai wasan yara, ya bar ta tana jin kunyata a cikin mata.

Maami ta suɗe yatsa ta dube ni. "In kin gama sai ki fara da wayoyin, Kyaftin zai taya ki sauke talabijin ɗin. Alkawari kika yi."

Na rubuta saƙo na ƙarshe: *Zan tashi in wanke hannu. Kafin in goge shi, ko ka faɗa da bakinka ko in faɗa da nawa.*

Na miƙe, na tsoma hannu a roba, na wanke yatsu ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa.

"Maami, alkawarina in jirgi ya sauka ne. Bai sauka ba. Yana can rataye, saura ƙafa ɗari biyu."

Alhaja ta ajiye ƙashin da take tsotsa. "Rataye kamar yaya? Ana rataye jirgi ne?"

"Na gaske dai ba a rataye shi, Alhaja."

"Simbiyat!" Maami ta daka min tsawa. "Rashin kunyar taki har ta kai kan baƙi?"

"Ki yi haƙuri, Maami. Ki zage ni, ki daina min magana wata guda, na yarda. Amma ko ƙusa ɗaya ba za ta fita daga ɗakin nan ba, gobe ko jibi, da miji ko ba miji. Mai mota in ya zo ya sha ruwa ya koma."

Na ɗauki tawul.

Ban kai ga goge hannu na biyu ba na ji ƙarar faranti. Semiu ya ture abincinsa gefe. Ya zare tabarau daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya sauko daga kujera, ya kwanta rub da ciki a kan kafet da farar rigarsa, goshinsa dab da ƙafar uwarsa.

"Mama, akwai maganar da na shekara shida ina riƙe da ita."

Alhaja ta dube shi, ta dube ni. Wayarta tana hannunta tana ta ƙara ba tsayawa, don ta riga ta tura hoton, matan asalatu ɗari biyu suna ta turo wa Kyaftin addu'a.

Ta ƙofar ɗakina ina hango allunan uku, fari fat, fitilun titi suna jira a gaba. Na rantse a raina ba zan taɓa maɓallin nan ba. Shi ya rataye jirgin, shi zai zo ya sake shi, in har ya iya tashi daga inda yake kwance.

Alhaja ta kife wayar a cinyarta, ta ce, "Ina jin ka."